Daɓen Shagon Kabo

Kabo mai walda ya fi kowa sanin daɓen shagonsa, domin a kansa yake wuni. Shan inna ya taɓa masa ƙafafu tun yana ɗan shekara huɗu, ya tashi yana tafiya da hannuwa da gwiwoyi. Shekara goma sha tara ke nan da ya kama shagon nan a bayan kasuwar Kankia yana haɗa kekunan guragu, kuma hannunsa ya yi suna. Daga Rimaye ake zuwa, daga Mawashi, har daga ƙauyukan da shi kansa bai taɓa takawa ba. Duk wanda ya zo sai an saukar da shi ƙasa an gwada tsawon hannunsa da faɗin zamansa, don Kabo ba ya haɗa wa mutum keke da kintace.

Kafin shi, injin niƙa ne a shagon. Da aka cire injin aka bar ramukan ƙusoshinsa guda shida a tsakiyar ɗaki. Wata tsaga ta taso daga bakin ƙofa ta karkata ta nufi kusurwa, 'ya'yanta suka bazu hagu da dama. Inda guduma ta saba faɗuwa simintin ya yi ƙuraje, inda baƙin mai ya saba ɗiga ya sha ya ƙoshi. Kabo ya saba da duk wannan har ya daina gani. Hannunsa da kansa ya san inda zai kauce.

Wata Laraba, bayan an gama yankan gero, aka kawo masa Malama Zuhura daga Rimaye, malamar firamare ce wadda hatsarin mota ya zaunar. Mijinta ya sauko da ita daga mota, aka shimfiɗa mata tabarma. Ana cikin gwaji ta matsa gefe, bakin zanenta mai ruwan madara ya sauka a kan baƙin mai. Ta gani, shi ma ya gani. Sai ta ninke wurin a hankali ta tura shi ƙarƙashin cinyarta don kada ya ji kunya, ta ci gaba da tambayarsa yadda birki yake kamawa. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Da yamma ya ba matarsa Turai labari. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Shekara nawa ina wanke wandunanka ina faɗa maka? Sai da baƙuwa ta ɓata zane ka ji."

"Na ji yanzu," in ji shi. "Fenti zan sa a yi."

Wanda Kabo ya kira don aikin shi ne Sada, mai fenti, mutumin Bauranya da ke zaune a Kusada. Magidanci ne mai kimanin shekara arba'in, an san shi da fentin ƙofofi da masallatai, kuma ba a taɓa jin ya yi wa kowa ha'inci ba. Ya zo ya share shagon tas, ya shafa shuɗin fenti mai sheƙi har sau biyu. Da safe abin ya yi kyau kamar an zuba ruwa a faranti. Masu wucewa suna leƙowa suna yaba masa.

Amma ƙofar shagon yamma take kallo. Da la'asar ta yi, rana ta sunkuyo ta shigo tana bin ƙasa, sai ga kowane rami da inuwarsa, kowace tsaga ta fito baƙa wuluk a cikin shuɗi. Abin da Kabo ya daina gani shekara da shekaru ya dawo masa gaba ɗaya, har da waɗanda bai san da su ba. Mai tsayuwa ba zai damu sosai ba. Shi kuwa idonsa bai fi kamu ɗaya daga ƙasa ba, haka ma idon yawancin waɗanda suke zuwa wurinsa.

Kafin mako uku, fentin ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa a duk inda mai ya taɓa zama. Ga santsi kuma. Ran nan yana jan wani bututun ƙarfe, hannunsa na dama ya zame, haɓarsa ta daki ƙasa, sai da aka yi masa ɗinki biyu.

Sada ya ji labari ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi aikinsa, ya dubi haɓar Kabo, ya cire hula ya mayar.

"Laifina ne, Malam Kabo. Ni dai abin da na gani, sai an fasa daɓen duka an zuba sabo."

"Wata guda ke nan shago a rufe," in ji Kabo. "Mutum huɗu ke jiran keke. Ɗaya ma ɗinki take yi, tun damina ba ta je kasuwa ba."

Sada ya hau babur ya tafi. Kabo ya ɗauka shi ke nan. Bayan kwana biyu da hantsi sai ga shi ya dawo, da wata tsohuwa a bayansa, ta riƙe wani abu naɗe a tsumma.

"Mahaifiyata ce, Inna Kubura," in ji Sada, yana sosa ƙeya. "Na ba ta labari, ta hana ni sakat, wai sai ta gani da idonta."

Ƙaramar mace ce, ta ba saba'in baya, ga ido ƙar. Daga baya Kabo ya ji ko wace ce. A zamaninta ita ce uwar masu daɓe a Bauranya. Duk ɗakin amaryar da za a gyara daga nan har Mawashi, ita ake kira ta jagoranci mata, su shimfiɗa tsakuwa da jar ƙasa, su yi ta bugu da madaɓi, su shayar da shi makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, har ya yi duhu ya yi ƙarfi kamar dutse. Da siminti ya cika gari aka daina kiranta. Ta fi shekara ashirin ba wanda ya tambaye ta komai game da ƙasan ɗaki.

Suka gaisa, ta tambayi iyali, ta yi masa sannu da haɓa. Ya nuna mata kujera.

"Inna, ga wuri."

"Kujerar me, ɗan nan? Ƙasa na zo gani."

Ta tuɓe takalma, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta durƙusa a kan gwiwoyi da tafukan hannu, ta shiga shagon da rarrafe. Kabo ya bi ta da kallo. Mutane da yawa sun sha tsugunawa a gabansa, wasu don ladabi, wasu don tausayi, kuma yana gane kowanne. Wannan ba ko ɗaya ba ce. Ta sauko ne don aikin a nan yake. Gwiwoyinta ma, da zanen ya ɗan ja, ya ga sun yi kanta irin tasa.

"Wuce gaba ka nuna mani hanyoyinka," ta ce. "Ina ka fi bi? Ina kake zama in kana yanka? Ina baƙi ke zama?"

Ya wuce tana biye, daga ƙofa zuwa teburin aiki, daga tebur zuwa kusurwar walda, daga nan zuwa maratayin ƙarafa da ke jikin bangon arewa. Tana tafe tana shafa ƙasa da tafin hannu, wani wuri ta kankara da farce, wani wuri ta sunsuna. Ta ƙi tafiya sai da la'asar ta yi, ta kwantar da kumatunta kusa da ƙasa ta kalli yadda rana ke shigowa. Sannan ta kira ɗanta.

"Sada, sauko nan. A'a, ba tsugune ba, kwanta. To, me ka gani?"

"Na gani, Inna."

"Kai a tsaye ka duba, ka yi wa masu tsayuwa aiki. Mai shagon ba a tsaye yake ba. Kuma ka sa mashi abu mai ƙyalli. Ƙyalli ba ya rufa wa ƙasa asiri, kira yake a zo a gani."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar dai tana gaya masa miya ta yi gishiri. Sada, mai 'ya'ya biyar, yana kwance rub da ciki yana cewa to.

Sai ta kwance tsumman nan. Madaɓi ne, tsohon itace mai lanƙwasa, mariƙinsa ya yi baƙi ya yi sulɓi don shan hannu. Ta bi daɓen da shi tana ƙwanƙwasawa a hankali, taki bayan taki, kanta a karkace. Ko'ina amo ɗaya yake bayarwa. Da ta iso gindin maratayin ƙarafa amon ya sauya, ya yi kamar an bugi ƙwarya. Ta sake bugawa, ta matsa, ta sake.

"Nan ba komai a ƙarƙashi. Sai an fasa."

"Inna, nan ai lafiya lau yake, ko tsaga babu," in ji Kabo. "In aka fasa sai an kwashe ƙarafan nan duka. A shafe shi kawai, ba lokaci."

Ta zauna a kan dugaduganta ta dube shi.

"Malam Kabo, ramukan can da tsagar can, ido kaɗai suka dama, zan ɓoye maka su har kai ka neme su ka rasa. Wanga kuwa ba na sa hannu a rufe shi. In shafewa kake so, Sada ya maida ni gida tun da sauran rana."

Ransa ya ɗan sosu, don ba a saba yi masa gardama a shagonsa ba. Amma ya tuna ɗinki biyun da ke haɓarsa, ya ce a fasa.

Washegari maƙwabta suka taya aka fitar da ƙarafa. Sada ya ɗaga guduma sau ɗaya, simintin ya rufta kamar ɓawon ƙwai. Tsohon kututture ne aka zuba siminti a kansa tun farko, gara ta cinye shi ƙurmus ta bar kogo. Sada ya zura hannu har kafaɗa bai taɓo ƙasa ba. Kogon ya bi ta ƙarƙashin ƙafar maratayin, wanda kullum Kabo ke shiga gindinsa yana zaro ƙarfe. Kabo ya daɗe yana kallon ramin. Inna Kubura ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ce a samo duwatsu da tsakuwa, kuma ita za ta daɓe cikon da kanta kafin a zuba siminti.

Kabo ya fitar da injin waldarsa ƙarƙashin rumfa ya ci gaba da kekunan mutane a waje, yana yi yana leƙe. Kwana goma sha ɗaya aikin ya ci, kullum Sada ya ɗauko ta da safe ya mayar da ita kafin magariba.

Suka kankare shuɗin nan duka. Wuraren mai ta sa aka zuba musu toka da ruwan zafi aka bar su suka kwana, aka goge, aka sake, har sau uku. Gwajinta ɗaya ne: ta ɗiga ruwa da yatsa. In ya tsaya ya dunƙule, da sauran mai. In ya nutse, wurin ya yarda. Tsagogin kuwa, maimakon a cike su yadda suke, sai ta sa Sada ya ƙara buɗe bakinsu da kurfi, don ciko ya sami wurin kamawa. Shi ya kawo dabarar zuba gam a cikin kwaɓin siminti, ta murza a yatsa, ta gyaɗa kai.

"Wanga ya fi namu. Da muna da shi a da, da mun huta."

Abin da ya fi ba Kabo mamaki shi ne yadda ta yi da ƙananan ramuka. Sun fi ɗari, ba ta ce sai ta cike kowanne ba. Wani dutsen kogi ta fito da shi mai santsi, ta bi bakin kowane rami tana gogewa har ya kwanta. Ya tambaye ta dalili.

"Ba ramin kake gani ba, inuwarshi kake gani. In bakinshi a tsaye yake, rana ta zo ta yi mashi inuwa. In ka kwantar da bakin, rana ta zame ta wuce, ba ta da abin faɗi."

Da aka zo maganar fenti ta ce ita ba ta san fenti ba, wannan na Sada ne. Ya kawo gwangwanaye ya shafa mata kala-kala a jikin katako. Duk mai sheƙi ta ture shi gefe. Ta zaɓi wanda ba ya ƙyalli, ta sa ya yi ta haɗa ja da baƙi da fari har ya fito kalar daɓen da ya sha makuba, ba ja ba, ba toka-toka ba. Sada ya ce zai zuba yashi a ciki saboda santsi. Ta ce ya dakata. Ta kamo hannun Kabo ta juya tafin, ta duba kamar mai duba ƙwarya a kasuwa.

"Takalmi ba ya jin yashi, hannu yana ji. In ka zuba mashi irin na gini, kafin sati fatar nan ta tafi."

Rairayin rafi ta sa aka ɗebo, ta tace shi da tsohon gyale, abin da ya wuce ya zama kamar gari. Aka yi haɗi uku, mai yawa, matsakaici, da ɗan kaɗan, aka shafa a katako aka bari ya bushe. Ta ce Kabo ya rufe ido ya ja tafinsa a kai, ya dogara da ƙarfi kamar yana tafiya. Ya zaɓi na tsakiya. Da shi aka yi shafi biyu.

Ranar ƙarshe ta zo da sabuwar tsintsiya, ta yanke bakinta ya yi daidai. Sada ya tsinka mata baƙin fenti a kwano. Ta tsoma bakin tsintsiyar, ta riƙe ta sama da ƙasa, ta dinga bugun gindinta da gefen hannu. Ɗigo ƙanana suka dinga sauka kamar yayyafi. Tana yi tana ja da baya a kan gwiwoyi, tana wata 'yar waƙa a maƙoshi wadda ke tafiya da bugun. Ba ta yi shi bai ɗaya ba. Inda aka yi ciko ta ƙara yawa, ta bar shi ya baje ya wuce iyakar cikon, don kada ido ya sami layin da zai bi. A kusurwar walda ta zuba baƙin sosai.

"Tartsatsin wutarka zai ƙona nan ko ana so ko ba a so," ta ce. "To, in ya ƙona, ya tarar da 'yan'uwanshi."

Ta sake bi da fari-fari, sama-sama. Daɓen ya fara kama da ƙwan zabo. Matan da ke sayar da ƙosai a bakin hanya suka taru a ƙofa, wata dattijuwa a cikinsu ta ce rabonta da ganin hannu irin wannan tun ɗakin aurenta.

Tana dab da teburin aiki Kabo ya yi gyaran murya.

"Inna, akwai magana. In ƙaramin noti ya faɗo mani a cikin ɗigon nan, sai in wuni ina nema."

Ta tsaya, tsintsiya a sama. Ta dubi ɗigon, ta dubi gwangwanin notinansa.

"Ka yi gaskiya. Wanga ban san shi ba."

Nan take ta sa Sada ya shata wuri kamar faɗin tabarma a gaban tebur, ya shafe shi da fenti mai haske ba ɗigo ko ɗaya. A wurin akwai wani ciko da zai ɗan nuna. Ta ce a bar shi ya nuna, noti ya fi shi muhimmanci.

Aka rufe shagon kwana uku. Ran da aka buɗe, Kabo ya ƙi shiga da safe, ya jira la'asar. Rana ta shigo ta bi ƙasa yadda ta saba, ta rasa abin kamawa. Ya shiga, tafinsa ya ji daɓen ya riƙe shi ba tare da ya cije shi ba. Ya nufi inda babbar tsagar take, wadda ya tsallaka sau dubbai. Ya san tana nan, daga ƙofa zuwa kusurwa. Ya duba daga dama, ya koma ya duba daga hagu. Sai da ya rufe ido ya bi da ɗan yatsa sannan ya ji alamarta, siririya kamar zare. Ya zauna a tsakiyar shagon shi kaɗai har aka kira magariba.

Labari ya bazu. Mai injin markaɗe a Kusada ya kira Sada, ya ce amma ya zo da tsohuwar. Wani kafinta a Kankia ma haka. Sada ya sa wa baburinsa matashi a baya, ya daina jin kunyar cewa bari in tambayi Inna. Duk ran da aiki ya kawo su Kankia sai ta sa ya tsaya a shagon Kabo. Turai takan aiko mata da fura, ta sha, su taɓa hira, sannan ta ɗan zagaya daɓen da ido.

A irin wannan zuwan ne, bayan kusan wata biyar, ta ajiye kwanon fura ta ce, "Akwai wuri ɗaya da hannuna ya yi nauyi. Ɗigon ya taru ya yi yawa. Tun ranar yake damuna."

"Ina ne, Inna?"

"Kai da ke wuni a kai, nemo shi mana."

Ya nema. Yana cikin ɗaure noti sai ya tsinci kansa yana leƙen gindin bango. Ya duba da safe, ya duba da la'asar, ya sa Turai ma ta zo ta duba. Da Inna Kubura ta sake zuwa bayan sallar layya ya ce ya gaji, ta nuna masa.

Ta tuɓe takalma ta durƙusa, ta nufi wajen ƙofa kai tsaye kamar mai zuwa ɗauko abin da ta ajiye. Ta tsaya, ta karkata kai. Ta matsa hagu. Ta dawo baya, ta shafa, ta kwantar da kumatu. Kabo yana gefenta, Sada yana tsaye a ƙofa yana danne dariya. Ta daɗe a haka.

"Nan ne fa," ta ce. "Ko kuwa can."

Ta zauna a kan dugaduganta, ta share hannu a zane, ta ce wa Sada ya tayar da babur, akwai shagon da ke jiransu a Rimaye.